Kwana Huɗu a Alƙahira: Amsar Wasiƙar Wani Magidanci

Wannan wasiƙa daga Gusau ta fito. Wani magidanci ne yake cewa sun cika shekara goma da aure, ya daɗe yana tara ɗan abin da Allah ya hore masa, yanzu zai kai maiɗakinsa Alƙahira su yi kwana huɗu. Sai dai bakinsu bai zo ɗaya ba. Shi dalar Fir'auna da tsofaffin masallatai ne a ransa, uwargida kuwa kasuwa take so. Yana tambayar yadda za su raba kwanakin, da kuma abin da za su ci.

To Malam, Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Ka kwantar da hankalinka, don a tsohon birnin Alƙahira masallaci da kasuwa bango ɗaya suka jingina. Akwai titin da ake kira Mu'izz, ya taso daga ƙofar Babul Futuh ya gangara har Babu Zuwaila, tafiyar kamar kilomita ɗaya. Ku ba shi yini guda cur, a ƙafa. A kansa za ku ga ginin Sarki Ƙalawun na shekarar 1285, makaranta da asibiti da hubbare a haraba ɗaya. Kuna ɗan ratsewa sai ga kasuwar Khanul Khalili, wadda take ci tun ƙarni na 14, ga masallacin Sayyidina Husaini a bakinta, ga masallacin Azhar a tsallaken titi. An yi sallar farko a Azhar a shekarar 972, kuma har gobe ɗalibanmu na can suna karatu. In kuka zauna a farfajiyarsa bayan azahar, da wuya ku tashi ba ku ji wani yana Hausa ba.

Abin da nake roƙonka, kada ka tsaya bakin shago kana duban agogo. Shiga tare da ita. Ni abin da ya fi zauna mini a rai a garin nan a bayan Babu Zuwaila na gan shi, a wata rumfar kasuwa mai rufi da ake kira Khayyamiyya. Wani dattijo ne zaune a kan dakali, ya harɗe ƙafa, yana yanka ƙyallaye masu launi yana ɗinke su a kan zane da allura, ɗinki ƙanana kamar na masu aikin babbar riga a Zariya. Na fi rabin awa a tsaye, bai ɗago kai ba sai da aka kawo masa shayi. Irin wannan zanen ne tsarabar da uwargida za ta rataya a ɗaki shekara da shekaru. Shi ma tarihi ne, Malam, sai dai shi ana naɗe shi a jaka a tafi da shi gida.

Hajiya, ke kuma ga taki. Ba sai an koya wa 'yar Gusau ciniki ba, amma ki sani kuɗin da za a fara yanka miki a Khanul Khalili na baƙo ne. Ki taya ƙasa sosai, fuska a sake, in an ce albarka ki yi gaba. Sau da yawa za a kira ki. Turare da mayafi da kayan yaji kada ki saya ranar farko, ki zaga tukuna ki ji farashi.

Dala kuma ku yi mata sammako a kwana na biyu, saboda rana da cunkoson motoci. Babbar dalar ta kai shekara 4,500, asalin tsayinta mita 146. In za ku hau raƙumi, ku yanke kuɗin hawa da na sauka tun kuna ƙasa. Na taɓa yin sakaci da wannan, na biya ninki biyu, rai a ɓace.

Batun ciki ba zai ba ku wahala ba. Da safe akwai ta'amiyya, ƙanwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganye, ana cusa ta a gurasa. Da rana ku nemi koshari: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa. Yana da araha, yana riƙe ciki. In ƙishi ya kama ku ga ruwan rake ana matsewa a gabanku, ga kuma karkade, wanda zoɓonmu ne sak.

Kwana na uku ku hau ganuwar Salahuddin ku hango birnin daga sama, na huɗu ku bar shi a buɗe, don na tabbata Hajiya za ta so komawa wajen dattijon nan mai allura. In da hali ku sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, ku riƙe rigar sanyi. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.