Kafin a kafa dirka a Bangi

A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, wajen Buza, don tare iska, kuma rassan da ake sassabewa sun zama dirkokin rumfuna. Icen yana ɗaukar nauyi, amma sai ya bushe sarai. Ɗanye tsagewa yake yi.

Mai gini a garin Bangi da zai yi dirka da wannan ice, ya lura da kauri. Doguwar dirka siririya lanƙwashewa take yi tun kafin nauyi ya murƙushe ta, balle mai karkata ko gaɓa a tsakiya. Kirya ta fi dogon yaro jure gara, sai dai ta yi wuya yanzu. Gawo kuwa, ƙwari ke cinye shi. Ko wane ice za a yi dirka da shi, a ɓare ɓawon, a babbake gindin, a ɗora shi bisa dutse don kada damshin damina ya ruɓar da shi.