Da allurar korona ta zama sharaɗin kujerar Hajji

Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, babu maniyyacin da ya tashi daga Najeriya zuwa aikin Hajji. A shekarar farko Saudiyya ta taƙaita ibadar ga 'yan tsirarun mazauna ƙasarta, a ta biyu ta bar mutum 60,000, su ma na cikin gida, kuma sai wanda ya yi rigakafin korona. Dattawan Birchi da ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da suka sayar da sa ko buhunan gero suka zuba kuɗin kujera, haƙuri kawai aka riƙa ba su.

A tsakanin nan ne, cikin Maris ɗin 2021, allurar AstraZeneca ta iso Najeriya. Ma'aikacin lafiyar da ke wannan rubutu yana cikin masu yin ta a yankin, kuma ya ga yadda aka juya mata baya. Kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe ta sai a ƙarar cikin awa shida, don haka yakan zauna da akwatin sanyi yana jiran a cika kafin ya fasa. Masu ƙin ba wawaye ba ne. Ba su manta da gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano a 1996 ba, kuma babu wanda ya zauna ya yi musu bayani yadda ya kamata.

Sai ga ƙasashe sun fara cewa mai katin rigakafi zai shiga ba tare da an killace shi ba. Killacewar nan kuwa ba wasa ba ce: da Ingila ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da take tsoro a Disambar 2021, kwana goma a otal sai da ya ci wa matafiyi fam 2,285. A Maris ɗin 2022 Saudiyya ta janye killace baƙi, sannan ta sanar da Hajjin mutum miliyan ɗaya, ga 'yan ƙasa da shekara 65, masu cikakken rigakafi da gwajin korona cikin awa 72 kafin tashi. Najeriya ta samu kujera 43,008.

Nan take layi ya kafu. Wanda a bara ya rantse allura ba za ta taɓa jikinsa ba, shi ne ya yi sammako yana naɗe hannun riga. "Likita, wadda Saudiyya ta yarda da ita za ka yi mini." Mutanenmu ba tsoron tafiya suke ba ko da annoba, abin da ba su so shi ne a kulle su a ɗaki guzuri na ƙarewa.

Amma akwai wata tambayar da ta fi damun marubucin. "Ɗana, ba za a ba ni katin kawai ba?" Amsarsa ita ce, "A'a, Baba." A lokacin, duk tsarin shiga ƙasa babu killacewa a kan gaskiyar katin ya tsaya. In aka kama na bogi kaɗan, duk mai fasfon Najeriya ne zai sha tuhuma, kuma tsohon da ya shiga cunkoson Mina babu kariya shi zai fara kwanciya.

Sharaɗin korona ya sassauta, har kujerun Najeriya suka koma 95,000 a 2023, amma na sanƙarau da ciwon shawara da shan inna suna nan. Allurar sanƙarau tana buƙatar aƙalla kwana goma kafin isa Saudiyya, don haka maniyyaci ya je a yi masa da wuri, ya kuma duba sunan da ke katin ya dace da na fasfonsa harafi da harafi.