Mawaƙan Da Muke So Mu Gani

Jin waƙa a rediyo daban, ganin mawaƙi a fili daban. Rediyo ba ta nuna hannun makaɗi a kan kalangu.

Tun da daɗewa muka rubuta sunaye uku a takarda, muka ce sai mun gan su da idonmu. Mamman Shata ya rasu a 1999. Barmani Choge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya, ta rasu a 2013. Ɗan Maraya Jos kuwa, daga shi sai kuntiginsa, ba 'yan amshi. Rashin ganinsa ya fi ci mana rai. Kullum muna cewa sai baɗi, har ya rasu a 2015.

Yanzu mun sake takarda. Aminu Ala na Kano ne a sama.

To, ku ɗauki fensir, kowa ya rubuta nasa uku.