Darasi na 9: Cutar Lufus

Kowa ya san aikin mai gadi. Jiki ma yana da masu gadinsa, su ne garkuwar jiki. A cutar lufus, masu gadin ne ke rikicewa su afka wa gidan da suke tsaro: fata, gaɓoɓi, jini da ƙoda. Ba a ɗaukarta a kwano ko a shimfiɗa. Cikin masu ita 10, kusan 9 mata ne, yawanci 'yan shekara 15 zuwa 45.

Alamunta su ne gajiya, ciwon gaɓoɓi, zazzaɓi mai zuwa yana komawa, zubewar gashi, gyambon baki, da ƙuraje a kumatu da karan hanci kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Tana lafawa, tana tashi. Ba ta warkewa ɗungurungum, amma magani yana kwantar da ita. Don haka kada a daina shan maganin asibiti sai likita ya ce.

Wata baiwar Allah tana shan maganinta wata shida, jiki ya yi kyau, gashi ya fara tsirowa. Ran nan tana tankaɗe sai ga maƙwabciya da jarka a hammata.

"Salamu alaikum! Ke 'yar nan, har yanzu kina kan ƙwayoyin nan?"

"Ina kai, Goggo. Likita ya ce kada in tsallake ko kwana ɗaya."

"Likita! Ji kumatunki sun ciko, ai kin warke. Wannan ciwo hannu aka sa miki. Ungo tsimin nan, safe da yamma, ki zubar da tarkacen can."

Maigida yana bakin ƙofa yana alwala, ya tuna kuɗin magani, ya ce, "Gaskiyar Goggo ce."

Ta daina magani, ta koma tsimi. Bayan wata uku ƙafafu suka kumbura, fitsari ya koma kumfa. Ciwon ya sauka a ƙoda. Aka sayar da akuya biyu aka kwantar da ita a asibiti. Goggo kuwa ko leƙowa ba ta yi ba.

Irin Goggo sun yi yawa a unguwanninmu. Ba su san sunan ciwo ba, amma sun san maganinsa! Ku ji da kyau: samun sauƙi alama ce magani yana aiki. Kada a daina. Cikin magungunan lufus, haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro, yana hana ciwon tashi, sai dai a riƙa zuwa duba ido. Firednisolon kuwa haɗari ne a yanke shi rana ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali. Tsimin da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya ƙarasa ƙodar da ta riga ta jigata.

Sauran kun sani. A guji zafin rana, a yi shanya da wanki da sassafe, a riƙe laima. A rage gishiri da dunƙule. A ci kifi, wake da ganye. A yi barci isasshe, a ɗan taka da yamma. A nisanci hayaƙin taba. Mai son haihuwa ta fara shawara da likita. Duk waɗannan taimako ne ga magani, ba sa maye gurbinsa.

Tambayoyi

1. Me ya kumbura ƙafafun matar nan?
2. Wa ke da ikon rage magani?
3. In Goggo ta shigo gidanku da jarka, me za ku ce mata?

Rubuta a littafinka: Ba zan daina shan magani ba sai likita ya ce.