Kada ka yi wa gyaɗa rowar iri

Ɗana, na bi ta gonarka ta hanyar Kagoro ran Laraba. Huɗa ta yi kyau, Allah Ya yi maka albarka, amma shukar ta tsaya mini a rai. Tsakanin gindi da gindi, sai mutum ya yi taku guda bai taɓa ganye ba. Na san dalili: iri ya yi tsada a kasuwar Kafanchan, ka so 'yan mudun da ka saya su game fili.

Gyaɗa ba ta son ƙasa tsirara a gefenta. Inda ka bar fili, ciyawa ce za ta gaje shi, ta shanye takinka, ka ƙara kuɗin noma. Wannan ma mai sauƙi ne. Darɓa, 'yan kwarin nan masu tsotson ganye, sun fi sauka a gonar da shukarta ta yi tsilla-tsilla, kuma su ke yaɗa kuturtar gyaɗa. Ina saurayi a 1975 lokacin da cutar ta cinye gyaɗar Arewa. Ganye ya murtuke, ya yi rawaya, mutane suka tuge ba ƙwaya. Har yau ba na son tuna shekarar. Gonar da ganyenta ya rufe ƙasa da wuri takan fi tsira.

Ga abin da nake yi. Kunya da kunya santimita 75. A kan kunyar kuwa, taƙi ɗaya ko ƙasa da haka, ƙwaya biyu a rami, zurfin ɗan yatsa. Iri mai tsayuwa kamar SAMNUT 24, wanda masu bincike na Samaru a Zariya suka fitar, mai nuna cikin wata uku, ka matsa shi sosai, don ba ya yaɗo. Gyaɗar gargajiya mai yaɗo ka ɗan sakar mata wuri.

Kada kuma ka zarce. Ruwanmu a nan ya fi na Kano yawa, in ka watsa ƙwaya biyar a rami ɗaya, iska ba za ta ratsa ba, ganye ya yi tabo ya zube, ka tashi da 'ya'ya ƙanana.

Shukarka ba ta yi mako biyu ba. Akwai ragowar iri a rumbuna, ka turo ƙanenka gobe da sassafe ya ɗauka, ku cike guraben tun ƙasa na da laima.