Darasi: Wasan da Ake Ci Tare

A wasan dara, ɗaya ya ci, ɗaya ya faɗi. Ƙaramin yaro kuwa in an cinye shi, sai kuka da faɗa. Amma akwai wasan da ake yi kamar aikin gayya. Ko a ci tare, ko a faɗi tare.

A shekarar 1986 kamfanin HABA na ƙasar Jamus ya fitar da irin wannan wasa. Ma'anar sunansa ita ce lambu. 'Yan wasa suna haɗa kai su tsinke 'ya'yan itatuwa kafin hankaka ya iso.

Ku ma kuna iya yin naku a gida. Ku zana itatuwa 4 a kwali, ku ba su lamba 1 zuwa 4. Ku sa tsakuwa 10 a kan kowane. Ku samo ɗan ludo, ku riƙa jefawa bi da bi.

In 1, 2, 3 ko 4 ta fito, a ɗauki tsakuwa ɗaya daga itacen mai lambar. In 5 ce, a yi shawara, a ɗauki biyu daga inda aka ga dama. In 6 ce, a ja wa hankaka layi ɗaya. In tsakuwa ta ƙare kafin layi 9, kowa ya ci. In ba haka ba, hankaka ya ci.

Yaro zai koyi ƙidaya, da haƙuri, da shawara. A kula kada jariri ya haɗiye tsakuwa.

Tambaya: Tsakuwa nawa ake bukata gaba ɗaya?