Sifika Na Ƙugi? Dakata Kafin Ka Kai wa Mai Gyara

Da yawa daga kayan sautin da ake ɗauka a kai wa mai gyara saboda ƙugi lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana bayan talabijin, inda wayoyi suka cakuɗe. Wannan "huuu" ɗin da ke fita daga sifika sautin wutar lantarki ne, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya a Najeriya da Nijar (a Amurka sau 60), ta sami kafa ta shiga hanyar sauti.

Fara kasa kunne tukuna. In jikin amfilifaya ne ke ƙugi, ba sifika ba, to taransifomar ciki ce ke rawa, canza waya ba zai yi magani ba.

In kuwa daga sifika ne, kashe komai, ka zare duk wayoyin da ke kawo sauti daga dikoda da talabijin da DVD, ka bar amfilifaya da sifikunta kaɗai. Kunna. Ka ji shiru? To ba ruwanta. Sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin ka jona kowace. Wadda ƙugin ya dawo da ita, nan gizo ke saƙa.

Sau da yawa wayar dish ko ta eriya ce mai laifin. Amfilifaya na da tata hanyar zuwa ƙasa ta soket, dikoda kuma na da wata ta wayar da ta sauko daga rufi. Da zarar an sami ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin hanyoyin biyu, sai wutar ta bi ta wayar sauti mai kai ja da fari, amfilifaya kuma ta ƙara mata ƙarfi tare da waƙar. Wani lokaci har wani layi mai duhu za ka gani yana hawa a hankali a fuskar talabijin. Gwajin ba wuya: murɗe wayar dish daga bayan dikoda. In ƙugin ya ɗauke, ka kama ɓarawo.

Magani mafi arha shi ne a jona duka na'urorin a soket ɗaya. In hakan bai yi ba, kuma na'urorinka na da ramin optical, sayi wannan wayar. Haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta. Akwai kuma ƙaramin akwati da ake kira ground loop isolator. Sa shi a wayar sauti, ba a wayar dish ba, domin wayar dish na kai wuta volt 13 ko 18 zuwa kan dish ɗin, in ka tare ta hoto zai ɗauke.

Ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma daban take. Ita kan zo daga inbata mai arha, cajar waya, kwan LED maras kyau ko makunnin fanka. Kashe su ɗaya-ɗaya, ka kuma raba wayar sauti da ta wuta.

In sifika na ƙugi ko da ka bar amfilifaya ita kaɗai, ko ka rage murya ko ka ƙara, galibi kapasitocin ɓangaren wuta ne suka tsufa. Wannan kam aikin mai gyara ne, don suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi.

Wani zai ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi, ƙugin zai tafi. Yana iya tafiya kuwa. Amma ƙafar nan ita ke kwashe wuta zuwa ƙasa ranar da waya ta taɓa jikin ƙarfen na'ura, kuma a gida akwai yara. Kada ka karya ta.